Ciwon Maƙogwaro Mai Shigar Burtu da Sunan Asma

Daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da masana ilmin ɗibbu, tun zamanin hukama'un farko har zuwa yau da na'urori suka yawaita, akwai cututtukan da kan yi tarayya cikin alama alhali kuwa sun saɓa a asali da mazauni, har likita ya ga wannan ya yanke hukuncin wancan, ya shekara yana ba da magani ga ciwon da babu shi, shi kuwa ciwon da ke akwai yana nan zaune daram ba wanda ya taɓa shi. Irin wannan shubuha ce ta daɗe tana lulluɓe da wata larura ta maƙogwaro wadda ke sarƙe numfashi farat ɗaya, ta sa mutum haki da ƙara mai ban tsoro, har duk wanda ke wurin ya rantse asma ce, ga shi kuwa sau da yawa huhun mai ita lafiya lau yake. Kuma abin da zai fi ba mai karatu mamaki shi ne, mafi ingancin maganinta da aka sani a yau yana hannun masu koyar da furuci da sarrafa murya, waɗanda galibin mutane ke zaton aikinsu bai wuce gyara harshen mai in'ina ba.

Kafin a fahimci ciwon sai an san wurin. Idan mutum ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa, to a bayan wannan guringuntsi akwai wani ɗan akwati da masu nazarin sautin Hausa ke kira maƙwallato, a cikinsa kuma akwai tantani biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowannensu da ƙyar yake kai inci guda a tsawo, sun haɗe ta gaba sun ware ta baya. Duk iskar da za ta shiga huhu ko ta fito, kimanin sau 20,000 a yini da dare, tilas ta ratsa tsakaninsu. Mai karatu yana iya jin aikinsu yanzu ba tare da wata na'ura ba: ya ce "a'a" a hankali, zai ji iska ta tsaya cik a tsakiyar kalmar, to wannan tsayawar ita ce rufewar tantanin, sa'an nan ya ja "haa" kamar mai hura wa madubi tururi, zai ji iska na wucewa ba tare da wani shamaki ba, wannan kuwa buɗewarsu ce. Malaman tajwidi sun daɗe da sanin wannan wuri, domin shi ne ƙarshen maƙoshi da suka ce nan ne mafitar hamza da ha, kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta guringuntsin maƙwallato uku a cikin risalarsa kan sabubban faruwar haruffa. Sai dai magana ba ita ce aikin farko da aka halicci tantanin nan dominsa ba. Asalin aikinsu gadi ne: su rufe da sauri idan ruwa ko loma ko hayaƙi ya nufi huhu, wanda duk ya taɓa ƙwarewa da ruwan sha ya san ƙarfin wannan rufewa.

Asma kuwa can ƙasa take, cikin ƙananan hanyoyin iska da suka yi rassa a huhu, inda suke kumbura su tsuke su cika da majina. In an kwatanta da gida, asma ciwon ɗakunan ciki ce, wannan kuwa ciwon zaure ne, inda mai gadin da aka ajiye domin ya tare ɓarawo ya rikice har ya koma rufe ƙofa a fuskar maigida. A ɗabi'a, idan mutum ya ja numfashi tantanin nan biyu sai su ware. Ga mai wannan larura kuwa, a daidai lokacin da ya kamata su ware sai su matso juna, ko kuma naman da ke samansu ya rufto ciki, har ya zamana ba abin da ya rage wa iska sai wata 'yar kafa ta baya. Likitoci sun daɗe suna taƙaita sunanta da haruffan VCD, amma tun 2015, bayan ittifaƙin ƙungiyoyin likitocin huhu da na maƙogwaro na Turai da Amurka, an fi amfani da ILO, watau toshewar maƙwallato da wani abu ke tayarwa, kuma yana da kyau mai karatu ya riƙe haruffan nan domin ranar da zai zauna gaban likita.

Ga yadda abin yakan kasance. Yarinya ce, a ce, 'yar shekara goma sha biyar, mai ƙwazo a karatu da wasanni, tana tsere a filin makaranta; ta zagayo na farko lafiya, tana cikin na biyu, daidai lokacin da ta ƙure ƙarfinta, sai ta ji kamar an sa hannu an shaƙe mata wuya. Tana jan iska, iska ta ƙi shiga, sai wata ƙara siririya mai kaifi da ake ji daga nesa. Ta tsaya ta dafe maƙogwaro, ido ya firfito, murya ta dushe ko ta ɗauke gaba ɗaya. A ruga a ɗauko inhela a fesa mata sau biyu, sau huɗu, ba wani sauyi. Bayan 'yan mintoci da zama sai abin ya sake ta da kansa, har ta tashi tana magana, malamai kuwa su rabu biyu, wasu su ce inhela ce ta yi aiki, wasu su ce dama raki ne. Duka ɓangarorin sun yi kuskure, kuma alamomin da za su warware musu mas'alar suna gabansu. Mai asma fitar da iska ce ta fi ba shi wuya, ƙirji yake dafewa, shaƙar inhela kan sauƙaƙa masa cikin mintoci, ciwonsa kan tashe shi daga barci da tsakar dare ko da asuba, kuma idan gudu ne ya tayar masa, ya fi tsananta bayan ya tsaya, ya ɗauki rabin sa'a ko fiye kafin ya lafa. Mai toshewar maƙwallato shigar da iska ce matsalarsa, wuya yake nunawa in an ce ina ne, abin kan zo masa yana tsakiyar aiki ya tafi da ya huta, da wuya ya same shi yana barci, kuma sau da yawa in aka auna iskar oksijin da ke jininsa sai a tarar ba ta ragu ba, duk da tashin hankalin da ake gani a fuskarsa.

Gudu ba shi kaɗai ke tayar da shi ba. Ƙamshi mai ƙarfi, hayaƙi, ƙura, iska mai sanyi, ƙwannafi da ke tura ruwan ciki ya ƙona maƙoshi, majinar da ke gangarowa ta bayan hanci, da ɓacin rai ko fargaba, duk sabubba ne sanannu. Wanda kuwa ya san gidajenmu, da turaren wuta da humra a ɗakin amarya, da hayaƙin itace a madafa, da suyar attaruhu, da janareta a bakin taga, ga kuma ƙurar hunturu wata uku, ba ya bukatar a gaya masa cewa maƙogwaron da ya riga ya zama mai saurin firgita ba zai rasa abin firgita shi a nan ba.

Tarihin yadda likitoci suka fahimci wannan ciwo tarihi ne na zargi kafin ya zama na tausayi. A 1842 wani likita a Amurka, Robley Dunglison, ya ambace shi cikin littafinsa, ya jingina shi ga raunin zuciya irin wanda likitocin wancan zamani suka saba jingina wa mata. A lokacin ba wanda ke iya leƙa maƙwallaton mai rai, sai a 1854 da Manuel García, mutumin Sifen, malamin koyar da waƙa, ya ɗauki ɗan madubin likitan haƙori ya sa a can ƙuryar bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubi na biyu, ya ga tantanin kansa suna buɗewa suna rufewa. Da irin wannan madubi ne Morell Mackenzie na Landan ya gani da idonsa, a 1869, cewa tantanin wasu marasa lafiya na rufewa a yayin jan numfashi. Duk da wannan shaida ta gani da ido zargin bai gushe ba, domin har a 1974, da wasu likitoci suka ba da labarin wata mata da aka kwantar asibiti sau 15 saboda wannan sarƙewa, sai suka raɗa wa ciwon sunan Munchausen, wani Bajamushe da ya shahara da shara ƙarya, abin nufi dai ita ce ke ƙirƙirar ciwon da gangan.

Al'amarin ya juya ne a 1983, sa'ad da likita Kent Christopher da abokan aikinsa na asibitin National Jewish da ke Denver suka wallafa bayanin mutum biyar waɗanda aka daɗe ana yi wa maganin asma mai tsanani ba tare da biyan bukata ba, suka tabbatar da cewa huhunsu ba ya da illa, kuma ba da nufi suke rufe maƙwallatonsu ba. Cikin marubutan akwai Florence Blager, masaniyar furuci da murya, wadda dabarun numfashin da ta tsara suka zama tushen abin da ake koyarwa har yau. Kuma ni a ganina akwai abin lura a nan, cewa malamin murya ne ya buɗe wa likitoci hanyar ganin wurin, malamar murya ce kuma ta nuna musu yadda ake lallashinsa. Bayan shekara 12, a 1995, wannan asibiti ya sake fitar da bayanin mutum 95 da aka tabbatar suna da larurar: 42 ba su da asma ko kaɗan, amma an yi kusan shekara biyar, a matsakaicin lissafi, ana yi musu maganinta, 53 kuwa suna da cututtukan biyu a haɗe. Mafi yawansu mata ne, kuma fiye da ɗaya cikin huɗu an taɓa zura musu bututun numfashi a maƙogwaro cikin gaggawa.

A nan ne hasarar take. Idan inhela ta gaza, abin da hankali ke ba likitan da bai kawo wannan ciwo a ransa ba shi ne asmar ta yi ƙarfi, sai ya ƙara magani, daga na shaƙa a koma ƙwayoyin sitiroyid irin su prednisolone, waɗanda idan aka dawwama a kansu sukan jawo ƙiba da kumburin fuska, da hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, da yanar ido. A wurinmu kuwa, inda mutum kan je kemis ya sayi abin da aka taɓa rubuta masa shekaru uku da suka wuce ba tare da ya koma asibiti ba, wannan hatsari ya ninka. Kuskuren sanya wa mutum sunan asma kuma ba abu ne nadiri ba ko a ƙasashen da suka wadata da kayan aiki: wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2017, ya sake auna manya 613 da likitoci suka ce suna da asma, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da ita a lokacin awon, ko dai ta riga ta lafa ko kuma tun asali wani abu ne daban.

Tabbatar da ciwon na da wuya ta fuska ɗaya, domin tsakanin farmaki da farmaki maƙwallato lafiya yake, wanda ya leƙa ba zai ga komai ba. Saboda haka likitan kunne da hanci da maƙogwaro kan zura wani siririn bututu mai kyamara ta hanci, sa'an nan a tayar da ciwon da gangan, ko da turaren da mutum ya ce yana shaƙe shi ko da motsa jiki. A garin Bergen na ƙasar Norway, a 2006, likitoci suka bayyana hanyar ɗaure kyamarar a wata hula, mutum yana gudu a kan na'ura ana kallon maƙwallatonsa har ya ƙure, kuma da irin wannan awo ne binciken da aka yi a Denmak da Suwidin ya nuna cewa tsakanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na matasa suna da nau'in da motsa jiki ke tayarwa, adadin da ba wanda ya zata.

To me malamin furuci yake yi? Darasinsa na farko bayani ne, kuma kada a raina shi, domin wanda ya shekara yana zaton kowane farmaki ajalinsa ne, ranar da aka nuna masa hoton maƙwallatonsa a allo, ya ga tantanin sun matse, ya ga kuma sun ware da ya bi umarnin da aka ba shi, rabin tsoronsa ya tafi, tsoro kuwa shi ne itacen da ke ƙara wa wannan wuta ƙarfi: mutum ya ji iska ta ƙi shiga, ya firgita, ya ƙara fizgar iska da ƙarfi ta baki, fizgar kuma ta ƙara janyo tantanin su rufe. Darasi na biyu shi ne karya wannan zagaye. Za a zaunar da shi, a sa ya sauke kafaɗu, ya saki muƙamuƙi, harshe ya kwanta a ƙasan baki, ya ɗora tafin hannu a kan cibiya. Sai ya shaƙi iska ta hanci, shaƙa irin ta mai sunsunar abu, domin hikimar halitta ta sa sunsuna na motsa tsoka guda tilo da ke ware tantanin, wadda ke bayan maƙwallato. Hannun da ke kan ciki ya ji ciki ya taso, kafaɗu kuwa ba su motsa ba. Sa'an nan ya fitar da iskar a hankali ta tsukakken baki, ko da sautin "sss" mai tsawo, fitarwar ta fi shigarwar daɗewa, saboda matsin iskar da ke taruwa a bayan leɓɓa na taimakawa wajen riƙe maƙogwaro a buɗe, kuma hankalin mutum ya tashi daga neman iska ya koma kan sakinta, wanda shi ne abin da ya fi wuya ga wanda ke jin yana nutsewa.

Wannan duka ba ya ɗaukar minti guda a koya, amma sharaɗinsa mudawama ce. Ba a koyonsa ranar farmaki. Ana maimaita shi ne lokacin da mutum yake lafiya, numfashi biyar-biyar, sau da yawa a yini, har ya zama jiki, ta yadda da alamar farko ta bayyana, ɗan ƙaiƙayi ko ɗan matsi a wuya, jiki zai shiga yinsa tun kafin tunani ya iso. Wanda ya ɗaura wannan riyala a bayan kowace salla da kowane cin abinci ya sami abin tuni da ba ya kuskurewa. Idan ta zauna, sai malamin ya shiga kusanto da abin da ake tsoro daki-daki: a buɗe kwalbar turare daga nesa, gobe a matso da ita, ɗan wasa ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, ya kai ga gudu, yana aiki da dabarar a kowane mataki. 'Yan wasa suna da wata matsala ta daban, domin mai tsere ba zai ƙoshi da iskar hanci ba, shi ya sa likita Tod Olin na Denver ya tsara wata hanya ta jan iska kashi biyu, a fara ta tsakanin haƙora da leɓe a matse, sa'an nan a saki baki gaba ɗaya.

Saura kuma kula da maƙogwaron kansa. Yawan gyaran murya da kaki, waɗanda mai wannan larura kan yi ba ya ma sani, suna gwara tantanin da juna su ƙara musu saurin fushi, saboda haka akan koya masa ya musanya su da kurɓar ruwa ko haɗiyar yawu da ƙarfi. A yi maganin ƙwannafi da na majinar hanci in akwai su, a nisanci taba. Wanda damuwa ce ke tayar masa, a haɗa shi da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, ba don ana tuhumarsa da ƙarya ba. Galibi zama kaɗan ake yi da malamin, ba watanni ba. Adalci kuma ya wajabta a faɗi cewa yawancin hujjar amfanin wannan magani ga toshewar maƙwallato ta fito ne daga bibiyar marasa lafiyar da aka yi wa shi, gwaji mai tsauri na kwatanta rukuni da rukuni bai yawaita ba. Inda hujja ta fi ƙarfi shi ne a kan 'yar'uwar wannan larura, watau tari mai naci da ya ƙi jin magani, domin a Newcastle ta Ostareliya, a 2006, Anne Vertigan da abokan aikinta sun raba mutum 87 gida biyu, waɗanda aka koya wa dabarun maƙogwaro a zama huɗu kashi 88 cikin ɗari suka sami sauƙi, waɗanda aka ba nasihar kiwon lafiya kawai kashi 14. Ƙalilan da koyarwa ba ta wadatar da su ba, akwai allurar botoks da ke sassauta tsokar tantanin na ɗan lokaci, akwai kuma tiyatar rage naman da ke ruftowa ga wasu 'yan wasa, amma waɗannan mafita ce ta ƙarshe.

Wajibi ne in ja kunnen mai karatu da babbar murya, kada wani ya karanta wannan ya jefar da inhelarsa. Asma ciwo ne mai kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita, kuma ta yi sanadin rasuwar 455,000. An kuma ga a lissafin Denver cewa waɗanda ke da cututtukan biyu tare sun fi waɗanda ke da ɗaya yawa, irin waɗannan kuwa aikinsu shi ne su koyi rarrabe farmakin ƙirji da na wuya, su ba kowanne haƙƙinsa. Haka nan ba kowace ƙara a maƙogwaro ce wannan larura mai sauƙi ba: yaron da ya haɗiyi gyaɗa ko ƙwallo ya shaƙe, da wanda fuskarsa da leɓɓansa suka kumbura bayan allura ko harbin zuma, da mai zazzaɓi da kumburin wuya irin na mashaƙo, wanda Kano ta sha fama da shi a 2023, da dattijon da muryarsa ta dushe makonni ba ta dawo ba, da duk wanda leɓɓansa ko harshensa suka sauya launi ko hankalinsa ya fara gushewa, waɗannan asibiti za a nufa da su nan take, ba zancen darasin numfashi.

Masanan furuci ƙalilan ne a ƙasarmu, akasarinsu a manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyi irin su Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, saboda haka hanya mafi kusa ga mai zargin yana da wannan larura ita ce ya nemi a tura shi wurin likitan huhu a yi masa awon hura iska, wanda da shi ake tabbatar da asma ko a kore ta, sa'an nan wurin likitan maƙogwaro. Tun da yake ciwon ba ya zuwa ranar da aka ba mutum ganin likita, yana da amfani wani na kusa ya ɗauki farmakin da wayar hannu, hoto da sauti, ta yadda za a ga wuya da ƙirji a kuma ji ko ƙarar a jan iska take ko a fitarwa, a rubuta abin da mutum yake yi sa'ad da ya fara, da mintocin da ya ɗauka, da ko inhela ta yi tasiri ko ba ta yi ba, a tafi da wannan duka asibiti.